Ki Roƙe Su Ƙusa Ɗaya

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ke tsare wanda ya tafi, yake kuma tsare wanda aka bari.

Zuwa ga ɗiyata Mariyama, wadda ban taɓa kira da sunanta ba don sunan mahaifiyata ne. Uwani, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina baƙunta? Yaya Yamai da zafinta, yaya mutanen gidan da kika sauka? Allah ya sa takardar nan ta tarar da ke lafiya, jiki lafiya, zuciya lafiya. Mu nan Gaya sai godiya. Gulbi ya cika, akuyarki tana nan tana cin bakin tabarmata. Labarin gari ke nan, ba shi ya sa na zauna ba.

Kin san ban shiga lakwal na yi boko ba, ko allo ma ban yi nisa da shi ba. Abokina malamin lakwal, Mushe Sumana, ne ke riƙe da alƙalami, ni nake magana. Na gargaɗe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini zance kamar ɗan ajinsa. Ya ce tun muna samari yake ƙoƙarin gyara ni bai iya ba, ba zai ɓata tawadarsa yau ba. Ya ce in gaya miki fofo, gaisuwarsu ta Zabarmawa. To, ga fofonsa nan, na isar.

Za ki ce me ya hana ni kiran ki a salula. In na ɗauki abin nan, bakina yana riga hankalina. Ke kuma in kin kira, daga "Baba ina kwana" sai "Baba ina gajiya", sai mu yi shiru muna jin numfashin juna har layi ya katse. Takarda kuwa ba ta ba mutum damar yin fushi a tsakiyar magana.

Gwaggonki Zali ta kawo mini tuwo, ta ajiye kwano, ba ta tafi ba. In Zali ta ajiye kwano ta nemi wuri ta zauna, akwai magana. Ta ce:

"Yaya, ka san abin da ɗiyarka ke yi a Yamai?"

Na ce aiki take a kamfanin madara, abin da ta yi karatu dominsa.

Ta ce: "Robobi take wankewa a tsakar kamfani, cikin rana. Ta ƙi shiga ɗakin injuna, don an ce sai ta ajiye dogon hijabi, ita kuma ta ce ubanta ya yi magana. Sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta yanke shawara. Ta ce mini za ta ɗaure kayanta ta dawo gida. Ka ji daɗi?"

Ta ɗauki kwanon jiya ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce taurin kai ne kaɗai gadon da ake ci mai shi yana da rai.

Shi ya sa na kira Mushe Sumana. Kada ki ɗaure kaya sai kin karanta takardar nan har ƙasa.

Kin san mutanen garin nan wurina suke zuwa in sun manta. Wa ya fara share gonar wane, kakan wa ya zo daga Karakara, ina iyakar fadamar su wane take kafin gulbi ya ci gaɓa. Kunnena ba ya zubar da abin da aka zuba masa. Don haka ranar da kika durƙusa a zaure kina yi mini bayani, kada ki ɗauka ban ji ba. Kin ce: "Baba, ba gashina zai fita ba. Farar riga ce da wando da hula da takalmin roba. Sun ce abin da ke reto ba ya shiga wurin inji, kuma allurar maƙale lulluɓi ba ta kusantar madara." Haka kika faɗa, ko ba haka ba? Ni kuma na ce in kika tuɓe lulluɓi don albashi, kada ƙafarki ta sake taka zauren nan. Kika ce: "To, Baba." Da safe da kika zo sallama na ɗauki carbi na juya wa ƙofa baya. Zali ce ta raka ki tasha.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Amma mai ɗaki yana iya hawa ya sake jinka, ko da tsufa. Bari in fara da hannuna.

Kin taso kin ga hannuna na dama babu manuni, na tsakiya kuma rabi. Kina ƙarama kina kama dungun kina tambaya wa ya cinye, ina ce miki kifi. Da kika girma na ce ƙaddara. Ƙaddara ce, ban janye ba. Sai dai ta hannun riga ta shigo.

Lokacin da aka ɗauke ni aiki a gidan famfo, wurin injin da ke jawo ruwan gulbi zuwa gonakin shinkafa, shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, wani mutum ne daga ƙetare, can kudancin Benin, sunansa Kojo. Kirista ne, gajere, mai yawan dariya, Hausarsa duk a karye. Ranar farko ya miƙo mini kaki shuɗi, ƴar riga da wando. Na ce ni ba ɗan bariki ba ne, ubana bai taɓa fita da surar jikinsa a waje ba, ni ma ba zan fara ba. Na zo aiki da rigata mai faɗin hannu, irin wadda nake shiga masallaci da ita.

Kojo bai yi faɗa ba. Ya ɗauki guduma ya shiga ɗakin ajiya, ya kafa ƙusa a bango, nesa da gangunan mai. Ya kira ni ya ce:

"Garba, ga ƙusa naka. Rataye rigan Allah nan, sa rigan inji. Lokacin salla ya yi, ka canja. Allah naka ba ya son baƙin mai a gabansa, inji nawa ba ya son riga mai fiffike."

Na yi murmushi a gabansa. Da na fita na ce wa abokan aiki ba wanda ba ya alwala ne zai koya mini suturar addini ba. Ƙusar nan ta yi damina guda a tsaye babu komai a kanta. Ni kuwa ina naɗe hannun riga a kafaɗa ina aiki, baƙin mai yana ɗiga a kanta, in lokaci ya yi in tsaya gaban Ubangiji da ita haka, ina ganin na fi kowa.

Wata safiya bel ɗin inji, baƙar igiyar robar nan da ke juya ƙafa, ya fara santsi. Na sunkuya in duba. Hannun riga ya zamo daga kafaɗa. Bel ya kama riga, riga ta kama hannu. Kojo ne ya kashe injin. Rigar kakinsa ya tuɓe ya ɗaure mini hannu da ita, ya ɗora ni a babur ya kai ni wurin likita, ba riga a jikinsa, jinina a bayansa.

Ba zafin ne nake so ki sani ba, zafi ya wuce. Sallar farko da na yi bayan an sallame ni, na zauna tahiya, na zo ɗaga yatsa in shaida Allah ɗaya ne, sai na tarar babu abin ɗagawa. Uwani, rigar da na ƙi tuɓewa don addini ita ta cinye yatsan da nake shaida da shi. Daga ranar har yau babu sallar da zan zauna ban tuna ba. Na tambayi liman na wancan zamani, ya ce in yi nuni da abin da ya rage, Allah ya san abin da aka yanke. Ya sani, ya kuma san dalili.

Don haka ki ji. Rigar aiki ba ta fitar da mutum daga addininsa. Ki bambanta abin da Allah ya nema da abin da tela ya yanka. An ce a suturta jiki, wannan ba wasa a ciki. Amma faɗin hannu da tsawon jela, wannan aikin tela ne. Kuma duk wanda ya kafa miki ƙusa, ki yi masa godiya tukuna, kada ki tsaya duba inda yake fuskanta in zai yi ibada.

Da na warke na sa kaki, rigata ta hau ƙusa. Za ki ce ai na yi hankali. Mushe Sumana yana dariya, shi ya san saura.

Mu uku ne Musulmi a gidan famfo. Kojo ya yi mana tsari, ba takarda, magana ce ta baki. Ranar Juma'a shi zai tsaya kan injuna mu tafi masallaci. Ranar Lahadi da safe ni zan tsaya, shi ya ƙetare gulbi zuwa cocinsu. Da farko liman na sallamewa nake juyowa. Sannu a hankali na fara tsayawa gaisuwa. Daga gaisuwa sai goro, daga goro sai bakin kasuwa, can wani zai riƙe mini riga ya ce in zo in raba musu gardama a kan iyakar gona. Ni kuwa ina son a tambaye ni, wannan ciwona ne tun ina yaro. Sai rana ta karkata nake komawa. Sauran biyun suna dawowa da wuri, amma aikina ba wanda ya iya shi sai ni da Kojo. Bai taɓa ce mini kanzil ba.

Wata Juma'a babban shef ya zo daga Doso ba sanarwa. Ya tarar da Kojo ya haɗa aikina da nasa, yana gudu tsakanin inji da bakin ruwa, manoman gonakin ƙarshe sun taru suna ƙorafi ruwa bai kai musu ba. Ya tambaya ina Garba. Kojo ya ce yana masallaci. Ashe motar mutumin ta wuce ni a bakin kasuwa, masallaci ya daɗe da watsewa, ina zaune a kan benci bakina ja wur da goro. Nan take ya kafa doka: babu mai sake barin aiki ranar Juma'a. Ya haɗa da Lahadin Kojo ya soke.

Kin san me na yi? Na bi gari ina cewa an hana mu salla, maƙiya addini sun taso mana. Mutane suna tausaya mini, har ana yi mini addu'a. Sai Malam Bawa, ɗaya daga cikin abokan aikin nan biyu, mutum mai sanyi wanda ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi, ya tare ni a bakin rijiya ya ce:

"Garba, ka daina ɗora wa mutane. Ba su suka hana mu Juma'a ba, goronka ne."

An daɗe kafin a mayar mana da ita. Kojo kuwa har aka ɗauke shi daga Gaya bai sake samun Lahadinsa ba. Ranar da zai tafi ya zo ya kama wannan hannun nawa ya girgiza yana dariya, ya ce in kula masa da ƙusa. Gulbi kaɗai ke tsakaninmu da ƙasarsu, ban taɓa ƙetarawa na neme shi ba. Daga baya wani direba ya ce mini ya rasu.

To, in suka ba ki lokacin salla, ki riƙe shi amana. Ki yi alwala, ki yi salla a natse, ki rataye hijabi, ki koma bakin aikinki. Kada ki haɗa da kiran waya, kada ki haɗa da hira. Ba ke kaɗai ba ce. Akwai ƴan mata masu lulluɓi da za su zo neman aiki bayanki, ba su san ki ba, amma da mudunki za a auna su. Ki nemi wadda za ta riƙe miki wuri in kin tafi salla, ke ma ki riƙe mata a ranar da take buƙata, ko wane ne Ubangijin da take kira. Kuma kafin ki ce an tsane ki don addininki, ki taɓa bakinki ki ji ko akwai goro.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi.

Bayan Zali ta fita na zauna a tsakar gida ina kallon rumfar da mahaifiyarki take turara shinkafa. Allah ya jiƙan Hamsatu, ya sa ta huta. Tukwanen suna nan a kife inda ta bar su. Idona ya hau ginshiƙin giginyar da ke riƙe da rumfar, sai na ga ƙusa. Ta yi tsatsa, amma tana nan.

Kin tuna yadda take shiga aiki? Kina ƙarama, wataƙila ba ki kula ba. Takan ɗaure kallabi tam, ya rufe kunne da ƙeya, ta cusa bakinsa ciki. Ta ɗaure zane da kyau, babu abin da ke lilo, don wuta ba ta san mai tsoron Allah ba. Farin mayafinta kuwa yana kan ƙusar nan, nesa da hayaƙi. In aka kira azahar sai ta janye itace, ta wanke hannu da ƙafa, ta yi alwala, ta sauko da shi ta lulluɓe har ƙasa. In ta sallame ta ninke ta mayar, ta koma kan tukunya. Haka duk matan bakin gulbi suke yi, Dandawa da Hausawa da Zabarmawa, masu dashen shinkafa da masu bandar kifi. Ban taɓa jin limamin da ya ce sun bar hanya ba. Uwarki kuwa da kalmar shahada a bakinta ta cika, ina riƙe da kanta.

Dogon hijabin nan kina yarinya ya yawaita a Gaya. Ina son shi, ni na saya miki na farko, kuma har gobe in na gan ki a ciki raina yana fari. Amma uwarki ba ta taɓa zuwa bakin wuta da mayafi yana ja ba. Ni da nake riƙe da iyakar gonakin mutane a ka, abin da idona ya gani kullum a tsakar gidana shi ne ya ɓace mini a zaure ranar nan.

Mushe Sumana ya ajiye alƙalami yana kallo na. Ya ce: "Ɓacewa ya yi, ko kai ka ɓoye shi?" Na ce masa ya rubuta abin da aka ce ya rubuta, Bazabarme ba ya shiga maganar gidan mutane. Ya ce shi dai alƙalaminsa ba ya tafiya a kan ƙarya. To, ɗauki ka rubuta.

Gidan nan ya yi mini girma, Uwani. Yayyenki sun watse, wannan Kwatano, wancan Legas, sai murya a waya ranar Salla. Tun da uwarki ta tafi ke ce sautin gidan. Yanzu in na tashi da asuba butar tana nan yadda na bar ta, babu wanda ya cika. Ina dafa shayi in zuba kofi biyu, sai na ɗago zan kira ki nake tunawa. Ɗayan kofin yana hucewa a gabana, ba na iya sha, ba na iya zubarwa. Wani lokaci iska ta kaɗa ƙyauren ɗakinki sai in ce "Wane ne?" da ƙarfi, don dai in ji murya a gidan, ko da tawa ce. Akuyarki ta san sirrin mutanen garin nan fiye da alƙali, don ita nake ba labari da yamma. Masu zuwa tambayar iyaka ma sun ragu, yanzu takarda suke nema a biro, wato ofis, ba tsoho ba.

Da kika ce za ki Yamai, igiya na nema in ɗaure ki. Na duba ban ga wadda ba za ki iya tsinkewa ba sai guda. Na san tarbiyyar da muka ba ki, na san in na ce Allah za ki tsaya. Sai na ɗauko sunan addini na yi miki dabaibayi da shi. Ban ce babu tsoron Allah a maganata ko kaɗan ba, akwai. Amma tsoron kaɗaici ya fi yawa, kuma na gauraya su har ni kaina na kasa rabewa. Da Zali ta ce za ki dawo, abin da ya fara zuwa mini daɗi ne, ba zan ɓoye miki ba. Har na fara tunanin a share ɗakinki. Sai na sunkuyar da kai na ga hannuna a kan gwiwa. Na ce Garba, ka ba taurin kai yatsa, ka ba shi Juma'ar mutane, yanzu kuma karatun yarinya da abincinta za ka miƙa masa?

Washegari na buɗe akwatin uwarki. Tun rasuwarta ban bar kowa ya taɓa shi ba, ke shaida ce, har faɗa na yi miki a kansa. Farin mayafin yana sama, da ƙanshin turarenta da sauran ƙaurin shinkafa. Na daɗe zaune da shi a cinya. Sannan na sa shi a hammata na tafi wurin Isufu tela.

Na yi masa bayani: abin da zai rufe kai da kunne da wuya, ya sauka ƙirji a cusa shi cikin wuyan riga, babu jela, babu allura, hula ta zauna a kansa. Ya warware mayafin ya duba, ya gane shi, don uwarsa da uwarki tare suke zuwa gulbi. Ya ce:

"Baba Garba, ka tabbata? Almakashi ba ya jin a yi haƙuri."

Na ce ya yanka.

Ya ce: "To ina awon kan mai shi?"

Nan na tsaya. Ɗiyata ce, na san nauyinki ranar da aka haife ki a tafin hannuna, amma ban san awon kanki ba. Dole aka aika aka kira Zali. Ta zauna a kan kujerar tela yana zagaya mata igiyar awo, tana cewa yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, Yaya Garba a shagon ɗinkin mata. Na ce wa Isufu ya rage kaɗan, kan Zali ya fi naki girma, ko da yake babu kaya a ciki. Ta ce gara nata, iska na shiga, wani kan ko ƙusa ba ta huda shi.

Da almakashi ya shiga na fita waje na tsaya ina kallon masu kabu-kabu. Ba komai, rana ce ta dame ni a ido.

Guda biyu suka fita, suna cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan, direban kar ɗin safe, babbar motar fasinjan nan, zai kawo miki. Wani ɗan ƙyalle ya rage, wannan nawa ne, kada ki tambaya.

Ga yadda za ki yi. Kada ki tare shef ɗinku a ƙofa cikin mutane, babba ba ya son a ci shi da gardama a gaban na ƙasa da shi. Ki same shi a biro, ki gaishe shi, ki bari ya gama abin da yake yi. Kada ki fara da kuka, kada ki fara da faɗa. Ki ce kin karɓi riga da wando da hula da takalmi. Sannan ki fito da wannan ki ajiye a gabansa ya taɓa da hannunsa, ya ga babu abin da inji zai kama, babu abin da zai faɗa cikin madara. Ki roƙa a ba ki riga mai dogon hannu, wadda ta sauko gwiwa. In sun ce yadin sai nasu, saboda wanki ko tsabta, kada ki ja. Ki ba su ɗaya su ɗinka irinsa, ki ajiye na uwarki. Ki tambayi lokacin da za a iya sakin ki salla ba tare da aiki ya tsaya ba, ki bari su ma su faɗi nasu uzurin, don mai inji ya san abin da ke damun injinsa. Daga ƙarshe ki roƙe su ƙusa ɗaya, a wuri mai tsabta, inda hijabinki zai jira ki. Ki shiga da shi da safe, ki yi salla da shi, ki fito da shi da yamma.

In suka ce a'a, sai gashi ya fita, ko suka ce babu salla sam har a tashi, to wannan wata magana ce. Nan ban sauya ba, kuma ba zan sauya ba, ko Mushe Sumana ya karya alƙalaminsa. Ki yi musu sallama da mutunci ki taho, arziki ba a ƙofa ɗaya yake ba. Amma ki tabbata su suka rufe ƙofar. Kada ya zama ke ce, kada kuma ya zama maganar wani tsoho ce da ke jin tsoron kofin shayi.

Maganar da na yi a zaure na janye ta. Mushe Sumana shaida ne, Zali shaida ce, Allah ya fi su. Zauren nan naki ne, ki taka shi da takalmin gida ko da na roba. Abin da na hana ki da safen nan da na juya baya, ga shi yanzu, ki buɗe hannu ki karɓa. Allah ya yi miki albarka, Uwani. Allah ya sa albarka a aikinki da abin da za ki ci daga gare shi. Na yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ke ma ki yafe wa ubanki.

Kada ki zo ƙarshen wata. In na gan ki a ƙofar nan da kaya a ka, sabon faɗa za mu yi. Ki zo in sun ba ki hutu, ki zo da labarin injunan nan, ina so in ji ko suna da bel. Ni zan iya. Zali tana kawo tuwo da baƙar magana, duka biyun suna riƙe ciki.

Allah ya tsare ki a hanya da wurin kwana. Ya tsare hannuwanki daga ƙarfe, ya tsare sallarki daga sakaci, ya tsare bakinki daga irin nawa. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ko daga wane gefen gulbi suka fito. Ki gaida masu gidan da kika sauka, ki ce tsohon yana godiya. In kin sa abin nan a kanki ranar farko, ki yi wa uwarki addu'a.

Mushe Sumana ya ce a ƙa'ida sai na sa hannu. Na dangwala babban yatsa a tawada, shi ne inji ya bar mini. Ga shi nan a ƙasa, ki duba, ki san ni ne na faɗa.

Mahaifinki,
Garba Mai Famfo, Gaya.